Daga Sama Suka Duba, Suka Ce Babu Kowa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda 'ya ke yi wa mahaifiyarta, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima da yalwar makwanci. Mu nan unguwar New Bell a Douala muna nan yadda kika bar mu. Damina ba ta ƙare ba, kwatar bakin layi ta cika ta tumbatsa, masu babur na ta zagin juna a kanta. Jikokinki lafiya lau. Na san ba a aika wa mamaci takarda. Na rubuta ne a inda jama'a za su karanta, domin maganar nan na faɗa wa masu rai har sau uku, kowa ya gyaɗa kai ya ci gaba da shan shayinsa.

Inna, ana shirin bi ta kanki da katafila.

Sani, autanki, shi ya kawo labarin. Aiki ya kai shi wajen PK 14, kilomita goma sha huɗu daga cikin gari, ya leƙa tsohuwar makabartarmu da aka daina kai kowa tun da ta cika. Ya tarar an kafa turakun siminti masu jan fenti sun zagaye ta. Wani kamfanin manyan motoci ne daga unguwar Bassa ke neman wurin ajiye tireloli. Maigadinsu ya ce da ruwa ya ɗauke za a fara share fili. Sani ya faɗa mini wannan yana cin soyayyar ayaba, kamar mai ba da labarin ƙwallo.

Na tura shi ofishinsu, tunda shi ne mai taye da Faransanci mai santsi. Ya dawo a sanyaye. Wai wani ya juyo masa da fuskar kwamfuta, ya nuna masa hoton wurin daga sama, kore shar, ya ce: «Terrain vague.» Filin banza ke nan, Inna, wanda babu kowa a cikinsa. Ke da Baba Ladan mai kiran salla, da Goggo Asabe, da jariran da ba su kai suna ba, duk ku ne filin banza. Shi kuwa ɗan da kika goya a bayanki har kasuwar Grand Hangar da dawowa ya ce mini: «Yaya, abin da na'ura ta nuna ai ba a jayayya da shi.»

To ni na yi jayayya. Kin san halina. Ke kika sa mini suna Madam Tambaya tun ina 'yar makaranta, kina cewa: «Wannan ko liman ya ce amin sai ta ce don me.»

Na ɗauki wayata na shiga bincike. Shekara ashirin da wani abu ina aikin sakatariya, na fara da tafireta mai ƙara kamar injin markaɗe, na ga zuwan kwamfuta, na ga zuwan intanet, don haka ba baƙuwa ba ce ni a wurin nan. Na rubuta sunan makabartar da Faransanci. Aka kawo mini otal, da gidan mai, da wurin sayar da tayoyi. Na rubuta da Hausa. Aka tambaye ni ko wani gari nake nufi a Nijeriya. Sani ya ce laifin burauzata ne, manhajar da nake shiga intanet da ita, wai tsohuwar yayi ce, in sauke irin tasa mai sauri wadda ba ta bibiyar mutum. Na sauke. Ta kai ni wurin ƙaryar nan da sauri fiye da ta farko, iyakar bambancin ke nan. Na canza injin bincike sau uku. Ashe duk a rijiya ɗaya suke ɗiba, bokitin kowa ne da launinsa.

Mafi ban haushi shi ne sabon nan da ake hira da shi kamar mutum. Na gaya masa mahaifiyata na kwance a wurin. Ya yi mini ta'aziyya, Inna, ta'aziyya mai tsari wadda ta fi ta wasu dangi. Sannan cikin ladabi ya sanar da ni cewa bai sami wata makabarta a wannan wuri ba, wataƙila na manta ne. Ban taɓa jin an ƙaryata ni da irin wannan tarbiyya ba.

Amma ba zan ɗora wa na'ura laifi duka ba, ko da yake ina so. Mu muka ɓoye ku.

Dattawanmu sun karɓi filin nan daga hannun sarkin ƙauyen da goro da gishiri da rago, aka yi musabaha, aka shafa fatiha. Babu wanda ya nemi takarda, wai neman takarda a kan makwancin Musulmi rashin kunya ne. Sarkin ya mutu, waɗanda suka yi musabahar sun bi shi. Mu kuma ba ma gina kabari, ba ma rubuta suna. A arewa tudun ƙasa kan yi shekaru ana ganinsa. A Douala damina biyu ta isa ta shafe shi, ta uku ciyawa ta kai ƙugu. Maƙwabtanmu da ba Musulmi ba na zuba wa kaburburansu siminti da tayil da hoton mamaci, har daga sama ana ganin nasu jere kamar haƙora. Namu sai ganye.

Akwai kuma abin da har yau ban yafe wa kaina ba. Shekarun baya wani mutum ya zo unguwa da waya da 'yar jaka, yana sa masallatai da makarantu da famfuna a taswira. Ya nemi a kai shi makabarta. Liman ya ce ba a ɗaukar matattu hoto, dattawa suka mara masa baya, aka ba mutumin ruwa aka sallame shi. Ina tsaye a bakin ƙofa na ji, har na ji daɗi a raina, na ce mun kare mutuncinku. Ranar muka share ku da hannunmu.

Yanzu bari in faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba.

Ban taɓa ganin kabarinki ba. Ranar da aka fita da ke, muna tsakar gida da mata, iyakata bakin ƙofa. Na ga makara ta karya kwana wajen mai gasa masara, shi ke nan. Mata ba sa raka gawa, ban yi musu ba, ni Madam Tambaya. Shekara goma sha ɗaya ina yi miki addu'a ina fuskantar alƙibla, ban san a wane gefen hanya kike ba.

Sai ranar Talata da rana tsaka, a kan tabarmar ɗakinki, na buɗe taswirar nan mai hoton tauraron ɗan adam. Na bi hanyar Yaoundé da yatsa, na wuce PK 12, na wuce 13. Na sa yatsu biyu na buɗa, na sake buɗawa, har hoton ya fara dushewa. Wani ɗan kore ne tsakanin rufin kwano da jar ƙasa. Ziyarata ta farko ke nan gare ki, Inna: daga sama, ta idon wani ƙarfe da ban san wanda ya harba shi ba. Na yi sallama. Ban san ko ta halatta ba, na dai yi.

Kin tuna lokacin da nake karanta miki labarin masu zuwa duniyar wata daga littafin makaranta, kina tsintar shinkafa? Kika ce: «Su je mana. In sun dawo su zo su gyara mana kwata.» Ba su zo ba. Yanzu sun wuce wata, suna tuƙa wata 'yar mota a duniyar Mars daga nan ƙasa. Na karanta cewa ramukan da ke jikin wata suna da sunaye, har duwatsun Mars ana laƙaba musu suna. Dutse, Inna, wanda bai haifi kowa ba, bai yi wa kowa tuwo ba. Suna haƙa ƙasar can a hankali da ɗan cokali, suna neman alamar ko wani abu ya taɓa rayuwa. A nan kuwa ga mutanen da suka rayu tabbas, da 'ya'ya da jikoki a gari, za a kwashe su da bakin katafila. Ba na ƙin ilimi, kin sani, na fi kowa son labarin taurari a gidan nan. Abin da ke ba ni tsoro shi ne ido mai gani daga nesa haka, kuma an yarda da shi fiye da bakin mutum.

A gefen koren nan, ta yamma, akwai wani abu rawaya. Ƙarami ne kamar ƙwayar masara, amma launin katafila ne. Na nuna wa Sani, ya ce hotunan nan ba na yau ba ne, sukan yi watanni kafin a sabunta. Yana nufin ya kwantar mini da hankali. Bai lura da abin da ya faɗa ba. Idan hoton tsoho ne, to rawayan nan ya daɗe da isowa, kuma ban san inda ya kai yanzu ba. Na taɓa karanta cewa hasken tauraro kan iso gare mu bayan tauraron ya daɗe da canzawa. Tun ranar nake duba ki safe da yamma, ina sane da cewa abin da nake kallo ya riga ya wuce.

Na tambayi Sani daidai inda kike. Ya ce wajen wata bishiya. Da shi aka yi jana'izar, amma ya ce ranar hawaye ya hana shi lura, kuma ban iya yi masa faɗa a kan wannan ba. Sai na tafi wurin Kawu Isiyaku, ƙanenki, wanda ya shiga ramin ya karɓe ki. Idonsa ya tafi, yana ganin mutum kamar inuwa, amma kansa garau. Bai ko yi tunani ba ya ce: «Daga gindin kwakwar manja, taku goma sha bakwai zuwa gabas. Ni na ƙirga, don na san wata rana za a tambaye ni.» Shekara goma sha ɗaya yana riƙe da lissafin nan, babu wanda ya tambaye shi sai ni.

Kwakwar kuwa an sare ta. Sani ya tabbatar, babu ko ɗaya a tsaye.

A nan ne abin ya juya mini, har na rasa wanda zan zaga. Cikin taswirar akwai wurin da ake komawa hotunan shekarun baya. Na koma. Na ga tireloli suna ja da baya, rufin kwano na raguwa, daji na dawowa. Sai ga ta: kwakwa ɗaya tilo, da inuwarta kwance a ƙasa, daidai da kusurwar wani gini da har yanzu yake nan. Ƙarfen da ya ce babu kowa a wurin, shi kaɗai ya riƙe inda bishiyarki take. Ban gode masa ba. Na kai hoton an buga mini a takarda babba.

Na yi wani abu kuma, shi ne nake neman gafararki a kansa. Ke ba ki taɓa kiran sunana ba, don ni ce ta fari. Ni ma ban taɓa kiran naki ba, ko a takardar asibiti sai na miƙa wa Sani biro. Jiya na danna kan koren nan, na zaɓi ƙara wuri, na rubuta cewa makabartar Musulmi ce. Da aka nemi ƙarin bayani, na rubuta sunanki cikakke, da na mahaifinki, da na duk wanda Kawu ya iya tunowa. Aka amsa mini cewa ana duba buƙatata. Ban san mai dubawar ba, ban san ko mutum ne ba, ban san ko zai riga katafila ba.

Liman ya aiko a gaya mini mace ba ta shiga makabarta. Na aika masa da gaisuwa, na ce a ofishin kamfani an tabbatar mana ba makabarta ba ce, filin banza ne, don haka ban ga abin da zai hana ni shiga ba. In kuwa makabarta ce, to ya zo ya faɗa da bakinsa a gaban turakun nan, ni zan tsaya daga waje in riƙe masa takalmi. Har yanzu bai aiko da amsa ba.

Gobe in Allah ya kai mu, bayan sallar asuba, zan ɗauki Kawu a tasi. Ni ce idonsa, shi ne ƙafata. Za mu nemi kututturen kwakwa da takardar nan, ya dafa kafaɗata ya ƙirga. Yau kwana biyu ke nan ba a yi ruwa ba, Inna. Duk unguwa na murna shanya ta bushe. Ni kaɗai ke kallon sama ina roƙon hadari.

Ban san abin da zan tarar a taku na goma sha bakwai ba. In ciyawa ce, zan zauna a gefenki in ba ki labarin shekarun nan, har da wanda ba ki tambaya ba. In jar ƙasa ce da sawun taya, nan ma zan zauna, sai sun ɗauke ni da hannu.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka makwancinki, ya tsare ƙasusuwanki da na maƙwabtanki daga ƙarfe. Shi da ba ya buƙatar taswira, ya san inda kowannenku yake, ya tashe ku cikakku ranar da zai tashe mu. Ya yafe mana sakacinmu. Ya saukar da ruwa, ya ƙara, har mu iso.

Ki saurari takun Kawu. Na biyun da za ki ji a gefensa, nawa ne.

'Yarki ta fari,
wadda ba ki taɓa kiran sunanta ba.