Ma'aikaci na Biyu

Litinin, 8 ga Yuli, 2024

Na iso Tsanyawa, gero ya kai gwiwa. Saura babi ɗaya in gama kundin digirina: masu jera haruffan dalma a maɗaba'un Kano da na Maraɗi. Baba ya yi aikin a garuruwan biyu, shi ya sa na zo. Inna kuwa tana ta gaya wa maƙwabta wai kewa ce ta kawo Rufaida gida. Ban gyara mata ba.

Laraba, 10 ga Yuli

Baba ya ce a inda ya yi aiki a Maraɗi ana ba su madara da safe saboda gubar dalma, a na Kano kuwa "sai dai ka haɗiyi yawu." Yana dariya, kofin shayi na rawa a hannunsa. Ni kuma, Allah Ya yafe mini, daɗi na ji. Na samu hujja.

Asabar, 13 ga Yuli

A babin na kira shi Ma'aikaci na Biyu. Ƙa'idar bincike ce, in ji ni. Gaskiyar ita ce malamina ya ɗauka ubana ɗan jarida ne, ban taɓa cewa a'a ba.

Lahadi, 14 ga Yuli

Ruwa. Ban rubuta komai ba.

Talata, 16 ga Yuli

Baba ya ce in karanta masa babin. Muna kan tabarma, yana fuskantata, takardar na kan cinyata. Da na zo wajen da na rubuta rawar hannunsa sai na wuce.

"Uwata, kin tsallake layi."

Na manta shaf cewa mai jera haruffa a kife yake karatu. Ashe tun daga sama yake bina. Na ce zan cire wajen.

"Bar shi, ai gaskiya ne. Amma waye wannan na Biyun? Na jera sunayen mutane har gashina ya yi fari, nawa bai taɓa hawa takarda ba."

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi.

Juma'a, 19 ga Yuli

Na tura babin. Gyara kaɗan ne, ba wani abu ba. Malamina ya bugo waya yana tambaya, wannan Hashimu Badaru da ke shafi na farko fa, ko mun haɗa dangi? Baba na gefe yana fama da maɓallin rigarsa.

Na ɗaga murya yadda Baba zai ji. Na ce mahaifina ne.