Ƙarfen Saitin Bindigar Baba

Jidda, Talata. Aikin farko: wasiƙa zuwa ga Nashwan.

Ƙanena, ina gaisuwa. Yaya Umma da mutanen garinmu Ibb? Ni lafiya, tarin ma da sauƙi.

Wa ya sa ka canza ƙarfen saitin ƙaramar bindigar Baba ta soja? Wai "ya karkace, Yaya, ga bikina ya matso." Sannu, sarkin gyara! Marigayi Baba ne ya karkata shi da hannunsa bayan idonsa na dama ya mutu, don ya riƙa saiti da na hagu. Wataƙila laifina ne, ban taɓa gaya maka ba. Maza ka karɓo tsohon ƙarfen kafin maƙerin da ya canza shi ya zubar.

Allah ya shirye ka.
Yayanka, Hizam.

Gobe:
Asibiti, in an bar ni.
Kiran maƙerin da kaina.
Ba Nashwan haƙuri, in ƙarfen ya dawo.