Sunana da Aka Liƙa a Ƙofar Filin Golf

Zuwa ga Manajan filin wasan golf da ke bayan Rurum,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali da sauran ma'aikata. Ni ne Sabi'u mai ban ruwa, mutumin Rurum Tsohon Gari, wanda ka sallama daga aiki a bazarar da ta wuce. Sau uku ina zuwa ofishinka maigadi yana ce mini ba ka nan, alhali ga motarka a gindin darbejiya. Shi ya sa na rubuto a fili, tunda a fili aka liƙa takarda a ƙofar shiga, da sunana, cewa na yi wa filin ɓarna da gangan.

Na farko, ranka ya daɗe, kafin in zo wurinku na fi shekara ashirin ina noman rani, albasa da tumatir da alkama. Ranar da aka ɗauke ni abu ɗaya aka gaya mini, kada ciyawa ta mutu. Na yi mamakin shukar da ba a girbe ta, ba a ba dabba, sai dai a yi ta aske ta kamar kan ango. Shekara biyu ina buɗe famfunan feshi ina rufewa a kan lokaci, ba a taɓa kuka da ni ba.

Na biyu, wata ranar Alhamis babban injin tura ruwa ya ƙone. Injiniya ya kwance abin da ya lalace ya tafi Kano, ya ce zai dawo gobe. Goben nan sai da ta yi kwana shida. Na kira wayarsa har na gaji, na kira taka aka ce ka yi tafiya. A rana ta uku ciyawar nan mai laushi da ke kewaye da ramin ƙwallo na huɗu ta fara yin ja. Wanda ya yi noma ya san idan shuka ta kai nan a bazara, kwana ɗaya ya rage mata.

Sai na yi abin da kowane manomi a ƙasar Rano zai yi. Na je Zurgu na aro ƙaramin injin ƙanena da tiyo, na jawo ruwa daga tafkin filin. Wurin ciyawar tudu ne, ƙarƙashinsa yashi, ina zubawa yana zurarewa. Na ɗauki fartanya na ja kunya, na raba wurin fangali-fangali kamar na albasa, na cika kowanne har ya sha ya ƙoshi. Wallahi ranar na koma gida ina jin daɗi, har na ba mai ɗakina labari ina tsammanin yabo.

Na uku, laifina, kuma ba zan ɓoye shi ba. Sai da ka dawo ka tsaya a wurin ka dafe kai na gane cewa ba koren ciyawar kaɗai ake so ba, shimfiɗar ake so, don ƙwallo ta gangara zuwa rami ba tare da ta yi tuntuɓe ba. Ni kuwa na yi mata kunya goma sha biyu. Na yarda na ɓata, na kuma yarda gyaran ya ba ku wahala. Amma a shekara biyun nan babu wanda ya taɓa tsayar da ni na minti biyar ya nuna mini yadda ake wasan. Rashin sani daban, ganganci daban. Mai son ɓarna ba ya ɗauko inji a babur tun daga Zurgu, a tsakiyar rana, ya zuba mai daga aljihunsa.

Na huɗu shi ne abin da ya fi damuna. A fadamarmu, kowace shekara kafin a fara noman rani manoma kan zaɓi mutum ɗaya ya riƙa raba ruwa, ya ce yau layin wane, gobe na wane, kuma maganarsa ake bi. Ba albashi ake ba shi ba, amana ce kawai. Mahaifina ya yi, bana kuma dattawa sun ambaci sunana. Sai ga shi masu wucewa kasuwa suna tsayawa a ƙofarku suna karanta takardar. Makon jiya Alhaji Ado, babban cikinmu, ya kira ni gefe ya ce shi bai yarda da zancen ba, amma ba zai iya danƙa ruwan jama'a ga wanda aka rubuta maɓarnaci ba. Na ji ciwon wannan fiye da korar.

Don haka ga roƙona. Aikin na bar muku, ba na neman a mayar da ni. Wanda za ku ɗauka a madadina, ku zaga da shi filin ku nuna masa abin da ake so, ku kuma ajiye wani injin saboda irin wannan rana. Takardar kuwa, taronmu na zaɓen mai raba ruwa Juma'a mai zuwa ne bayan an sauko daga masallaci. Ku cire ta kafin nan. In kuwa lallai sai an bar wata, to a rubuta gaskiya, cewa Sabi'u ya yi kuskure yana ƙoƙarin ceton ciyawa. Wannan ni da kaina zan karanta wa dattawa.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya raya zuri'a, ya tsare ka daga ranar da za a yanke maka hukunci ba a ji ta bakinka ba.

Wassalam.

Sabi'u mai ban ruwa,
Rurum Tsohon Gari.