Gwaggon Maɓalli da Jar Fitila

Litinin, 4 ga Maris
An kafa mana fitilu a ɗakin ɗinki, kowane layi da tasa. Koriya in muna sauri, ja in mun yi sanyi. Manaja ya ce sunan shirin "Gaba Dai", kuma layin da ya fi yawan ja za a rage masa mutane a ƙarshen wata. Ni kuwa ban daɗe da zuwa ba. Umma da ƙannena duk keken nan suke kallo.

Laraba, 6 ga Maris
Tamu ta yi ja tun hantsi. Ɗaki tsit, sai ƙarar kekuna. Can sai Gwaggon Maɓalli, dattijuwar da ke kan injin maɓalli a gefena, ta ɗaga kai ta dubi fitilar: "Maigida, me ya yi zafi? Ido jawur da safiyar nan, ko ba a ba ka karin kumallo ba?" Har mai guga sai da ta ajiye dutsen ta riƙe ciki. Ni tsoro bai bar ni na yi dariya ba, amma na ji kafaɗuna sun sauka. Yaya mutum ke iya haka?

Talata, 12 ga Maris
Sabuwar doka: mai zuwa bayi sai ta rataya kati a wuya. Gwaggo ta rataya nata, ta bi tsakiyar ɗaki tana ɗaga mana hannu. Wai shekara da shekaru tana aiki, sai yau aka ba ta lambar yabo.

Juma'a, 15 ga Maris
Gwaggo ta miƙo min allura. "'Yata, zura min, yau ni da ita ba ma ga maciji." Na zura. Sai na tsaya ina lura da ita. Da ɗan yatsa take laluben ramin maɓalli. Ba ta gani sosai! Ashe rabin jan da muke sha daga wajenta ne, kuma ta sani. Ta san in aka zo rage mutane da ita za a fara, amma ita ce ke raba mu da fargaba. Ban taɓa ganin zuciya irin wannan ba.
Ban gaya wa kowa ba. Ashe ma duk layin sun riga ni sani. Mai ɗinkin wuya kan ja rabin kwandon Gwaggo ta ƙarasa mata.

Alhamis, 21 ga Maris
Manaja ya ji labarin dariyarmu, ya mayar da ita shiri. Ya naɗa Gwaggo "Jakadiyar Farin Ciki", kullum da safe ta ba mu dariya kafin a kunna injuna. Na ce shi ke nan, an kashe abin. Ta fito gaba, fuska murtuk, ta gyara murya: "Bisa umarnin ofis, a yi dariya. Layin aljihu, ku fara. Wadda ta makara za a yi mata ja."
Ɗakin ya fashe. Shi kansa manajan bango ya juya yana kallo, kafaɗunsa na rawa. Ikon Allah.

Juma'a, 29 ga Maris
An sallami mata biyu daga layin aljihu. Ba a taɓa namu ba, amma babu wadda ta yi murna. Gwaggo ta raka su har ƙofa, ba raha ko ɗaya, ta riƙe hannuwansu kawai. Da ta dawo ta shiga ofis da ƙafarta. Wai ta ce wa manaja, "Ranka ya daɗe, jakadiyarka baki ya rage mata, ido ya yi ritaya." Ya ba ta hutu a yi mata aikin ido. Ko za ta dawo, oho.

Talata, 2 ga Afrilu
Kujerarta wayam. Ɗakin ya yi girma.

Litinin, 8 ga Afrilu
An manna wa kowane keke madubi, an rubuta a ƙasa: "Ga mai alhakin inganci." Kowa ta sunkuyar da kai. Har da sabuwar matar da aka kawo kan injin maɓalli. Ban san lokacin da na nuna madubina na ce, "Jama'a, an kawo min mataimakiya, amma tun safe kallona kawai take, ko zare ba ta tsinka ba."
Suka yi ta dariya, har da sabuwar. Mai guga ta daɗe tana dubana.
Ba wani abu ba ne, baki ne ya suɓuce. Ni ina zan iya.
An ce jibi za a kawo ƙararrawa. Tun a mota nake tunanin abin da zan ce wa ƙararrawar.