Birkin Motar Baba

Zuwa ga Yayana abin ƙauna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara maka lafiya da kwanciyar hankali a inda kake, ya sa albarka a cikin aikinka, ya raya mana zuri'a baki ɗaya. Mu ma nan lafiya lau muke, sai godiya. Gwiwar Mama da ta kwantar da ita ta yi sauƙi, har ta koma faɗa da kowa a kan shara. Matar Auta ta sauka lafiya, an samu mace, da hancin gidanmu sak, ba wanda zai yi musu. Ni kuma ina fama da ɗalibai da jan biro, kamar yadda ka sani.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda, alhali kusan kullum muna gaisawa a waya. Dalili shi ne duk lokacin da ka kira Baba na zaune kusa, kunnensa kuwa ba abin da ya same shi. Maganar Shuɗiya ce, tsohuwar a-kori-kurar Baba. Ka ji an ce ta ture bencin tela a bakin layinmu, ka ce a sayar da ita kowa ya huta. To, rabin labarin ka ji. Ran nan da la'asar Baba na dawowa daga kasuwa, yana karya kwana zai shigo layi, sai ya kwashi bencin da sandar rumfar gaba ɗaya. A kan bencin nan mahaifiyar tela ke wuni tana tsinke masa zare. Tashinta ke nan ta shiga ciki shan ruwa. Da na iso na ga yadda katakon ya dagargaje, sai na yi ta gode wa Allah da ba ta kai. Baba ya ce wa kowa birki ne ya ƙi, mu duka kuma muka yarda, don mota ta kusa shekara talatin a hannunsa.

Da ka ce a sayar ban yi maka gardama ba, amma zuciyata ta ƙi. Ka tuna lokacin da Baba ke malamin dabbobi, in an yi hutu ya ɗebe mu a baya tare da akwatunan allura? Kai ne mai riƙe akwatin ƙanƙara, ni ce mai kuka in an shiga gargada. Na tuna ranar da muka maƙale a rafi da damina, Baba ya naɗe wando ya sauka ya murɗa makullan tayoyin gaba, ya dawo ya ja ƙaramar giyar nan da ke sa ƙafa huɗu su ja tare, motar ta yi gurnani ta fito da mu. Takalminka ɗaya ya zauna a cikin laka, ka dawo gida kana ɗingishi, kana roƙona kada in faɗa wa Mama, ni kuwa tun daga ƙofa na fara ba da labari. Har yanzu in na buɗe ƙofar motar, warin maganin dabbobi da tsohuwar kujera ne ke tare ni. Shi ya sa na ce kafin a yanke mata hukunci, a bari aminin Baba, Kawu Bakanike, ya duba ta tukuna.

Garejin Kawu na nan inda ka san shi, da ramin duba mota da tulin tsofaffin tayoyi, sai dai shi ya yi furfura fat, babban ɗansa ne ke riƙe da wurin yanzu. Amma da ya ji Shuɗiya ce, ya ce ba mai taɓa ta sai shi. Da kansa ya zo gida, ya taka birkin sau uku, sannan ya ja ta a hankali zuwa gareji. Kwana uku ya yi a kanta, kullum in na tashi daga makaranta can nake wucewa. Ya ɗaga ta a jak, ya kama kowace taya da hannu biyu yana girgizawa, ya sa ni ma na kama na ji yadda ta gaba ke wasa. Ya ce ƙarfen da ke haɗa ta da sitiyari ne ya cinye, in aka bar shi, wata rana Baba zai juya sitiyari motar ta tafi inda ta ga dama. Tayoyin da muke gani da sauran zanensu, ya nuna mini gefensu duk ya tsattsage, ya ce taya tana tsufa ko ba a tafiya da ita. Robobin da man birki ke bi sun yi faso kamar dunduniya, man kuma ya yi baƙi ƙirin. Ya shiga rami da ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasa ƙashin motar daga gaba har baya, yana kasa kunne. Ya samu tsatsa kusa da tayar baya, amma ya ce ba ta ci ƙarfen ba, kankarewa da fenti sun isa. Ya ɗaure birkin hannu, ya sa giris a sandar da ke jan tayoyin gaba, yana mita wai an bar ta shekaru ba a motsa ta. Baba kuwa na kan benci yana musu da duk abin da aka ce ya lalace, Kawu na ce masa ya yi shiru, shi dabba ya sani.

A rana ta uku Kawu ya kira ni bayan gareji, yana ta goge hannu da tsumma ko da yake hannun ya riga ya fita. Ya ce duk abin da ya gano gaskiya ne, kowanne zai iya kashe mutum wata rana, amma babu ɗaya a ciki da ya ture bencin tela. Birkin bai yi yoyo ba, kuma yana kamawa tun ranar da ya taka shi a ƙofar gidanmu. Sai ya ce in lura da idon Baba na hagu. Sau biyu ya miƙa masa sifana ta wannan gefen, Baba bai san da ita ba sai da ya yi magana. Ya ba shi sandar auna baƙin mai, Baba ya kawo ta dab da fuska, daga baya ya shafa da yatsa. Yaya, nan take abubuwa suka riƙa dawo mini: kofin shayin da yake yawan turewa, kafaɗarsa da ke bugun ƙyaure, da yadda Mama ta koma tafiya ta hagunsa duk inda za su. Da na koma gida na same ta a kicin na tambaye ta, sai ta zauna a kan turmi ta fashe da kuka. Ta ce ta kusa shekara da sani. Baba ya roƙe ta kada ta faɗa mana, ita kuma ta riƙa bin sa duk inda zai je, tana gaya masa ga mai keke, ga rami, ga akuya. Ranar bencin gwiwa ce ta hana ta fita.

Na rasa yadda zan tunkari Baba. Kawu ya ce in bar masa, shekara arba'in suna tare, in ma zagi ne ya saba sha. Suka shiga cikin motar su biyu suka rufe ƙofa, ni ina tsaye nesa ina kallo. Sun kusa awa ɗaya. Ban ji abin da suka ce ba, na dai ga Kawu ya cire hula yana share fuska da ita. Baba ya fito bai dubi kowa ba. Kwana biyu bai amsa gaisuwata ba, ya ce wa Mama na haɗa kai da bare an mayar da shi yaro. A rana ta uku da safe ya sa riga ya tafi shagon tela da ƙafa. Telan ne ya ba ni labari daga baya. Ya ce Baba ya durƙusa gaban tsohuwar, ya ce mata ba birki ba ne, shi ne bai ga bencin ba, ta yafe masa. Daga can Baba ya aiko a ce in zo in kai shi asibiti. Likitar ta ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba zai dawo ba, amma maganin ɗigawa zai riƙe sauran in an kiyaye. Tuƙi kuwa ta ce ya ƙare. Baba ya tambaye ta ko da rana tsaka, ko cikin unguwa kawai, ta ce ko da rana tsaka.

Ran Asabar da aka dawo da motar, da sassafe ya sa aka kira ni. Na same shi tsaye a gabanta ya buɗe bonet. Ya miƙo mini makulli, ya ce Uwata, ba a hawa mota kamar jaki, sai an gaishe ta tukuna. Ya sa na duba ruwa, na duba baƙin mai da man birki, na durƙusa na leƙa ƙasa ko akwai ɗigo, na zagaya tayoyi huɗu da safaya, na kunna fitilu yana tsaye yana tambayata wacce ta kama. Ya ce kada in kuskura in motsa ban taka birki na ji ƙarfinsa ba. Sau uku ya sa na maimaita, don na manta safaya a karo na farko.

Washegari muka tafi gona da shi da Mama. Ruwa ya ɓata hanyar, daidai gangaren nan mai jar laka ya ce in tsaya in sauka in murɗa makullan gaba. Na shiga laka har idon sawu, Mama na dariya tana cewa ga malama guda. Motar ta mutu mini sau biyu, ya ce ƙafata ta yi nauyi a kan kuloci, duk kwanar da muka zo kuma ina ganin ƙafarsa na taka birkin da babu a gefensa. Amma mun haye. A hanyar dawowa na ji faɗan ya ɗauke. Na waiga na ga ya jingina kai da gilashi yana barci. Mama ta taɓa ni ta ce in rage gudu kada ya farka, tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin ya runtsa a motar da wani ke ja ba.

Don haka ina roƙonka ka janye maganar sayarwa, motar tana wurina, kuma Kawu ya ce in kai ta duk wata uku. Likitar ta ce ciwon yana bin jini, ni da Auta mun je an auna mu, kai ma don Allah ka je cikin satin nan, kada ka ce sai aiki ya yi sauƙi. In ka kira Baba kuma kada ka yi masa jaje. Ka ce motarka na wata ƙara a gaba, ka tambaye shi me yake gani, ka bar shi ya yi maka bayani har ya gaji.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, da Babban Yaro da 'yan biyu, ka ce Gwaggonsu ta iya tuƙa babbar mota. Mama na gaishe ku, haka Auta da mai jego, da maigidana, da Gwaggo Ƙarama, da Kawu Bakanike da ya ce har yanzu yana jiran ka zo ka gaishe shi. Allah ya sada mu da alheri.

Wassalam. Taka har kullum,
Ƙanwarka