Tubali na Biyar da Kwamfutar Umma

Litinin, 1 ga Satumba

Agwagwa ya sake tambaya. Ban san sunansa na gaskiya ba, hoton agwagwa ya maƙala a akawun ɗinsa shi ya sa nake kiransa haka. Ban taɓa jin muryarsa ba, amma wallahi ya fi mijina sanin lokacin da na zauna gaban kwamfuta. "Yaushe za a saki Tubali na biyar?" Na ce masa ana kan aiki. Ƙarya ce. Aiki ya ƙare tun watan jiya.

Bari in rubuta saboda ranar da zan tsufa in manta. Tubali ɗan samfurin nan ne da muka haɗa ni da Yaya, wanda mai son gina shafin intanet zai ɗauka kyauta ya ɗora nasa a kai, ba sai ya fara daga fili ba. Da wasa muka sake shi ga duniya, ga shi yanzu mutanen da ban san ko ta ina garinsu yake ba suna cin abinci da shi, wasunsu har gyara suke turo mana. Na biyar ɗin nan shi ne sauyi mafi girma da aka taɓa yi masa. An kwashe tarkace, ya yi sauƙi, ya yi sauri.

Sa hannun Yaya kawai ya rage. Dokarmu ce tun farko, ba a sakin sabon Tubali sai mu biyu mun amince. Shi kuwa tun rasuwar Umma ya bi jirgin ruwan da ke shimfiɗa wayoyi a ƙarƙashin teku, ya yi ɗif. Mutum yana haɗa duniya da waya amma ya kasa kiran ƙanwarsa.

Laraba, 3 ga Satumba

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne fayil ɗin Umma. A na biyar an goge shi.

Umma tana da wata tsohuwar kwamfuta a shagonta na ɗinki, da ita take duba yayin kaya. Burauzar cikinta ta tsufa har masu ita sun manta sun taɓa yin ta. Mun yi mun yi ta canza, sai ta ce, "Me ta yi muku?" Ƙarshe Yaya ya zauna ya rubuta fayil guda sukutum don duk shafin da aka gina da Tubali ya buɗe a waccan burauzar. Daga nan ya zama mana ƙa'ida: kafin a saki kowane sabo, sai mun je shago mun buɗe shi a gabanta. Ta sauke tabarau kan hanci, tef a wuya, allura a baki, ta ƙura masa ido kamar mai duba bakin riga. Ko ta ce "ya zauna", ko ta ce "Auta, abin naku ya karkace." In ta ce ya karkace, babu mai saki.

Agwagwa ya ce babu mai amfani da burauzar nan yanzu, kuma fayil ɗin yana ƙara wa shafukan mutane nauyi a banza. Gaskiyarsa. Shi ya sa abin ya ba ni haushi.

Asabar, 6 ga Satumba

Na sake tura wa Yaya buƙatar sa hannu. Shiru.

Lahadi, 7 ga Satumba

Mijina yana goge takalminsa a bakin ƙofa ya ce, "Injiniya, ke fa ba sa hannunsa kike jira ba." Na ce to me nake jira, mota? Ya yi dariya ya ci gaba da gugarsa. Na shiga kicin na yi ta buga tukwane.

Ina kewar Yaya, shi ke nan na faɗa. Ina kewar yadda yake tura kujerata da ƙafa ya ce, "Matsa, Auta, kin jagwalgwala." Ba mu taɓa zama masu hira ba, ni da shi. Duk maganarmu a cikin aikin nan take. In yana so ya ce ya yi kewata, sai ya ce na manta waƙafi a layi kaza. In na cire dokar nan, ban san ta wace ƙofa zan sake ƙwanƙwasa masa ba.

Alhamis, 11 ga Satumba

An fara ƙorafi a fili. Wani ya rubuta cewa in masu Tubali sun gaji su faɗa, za su kwafe shi su raba gari. Ji min ƙarfin hali! Agwagwa ya kare ni, sannan ya zagayo ta bayan fage ya ce me zai hana in sauya dokar, tunda ina da iko. Danna maɓalli ɗaya ne, in cire sharaɗin sa hannun Yaya.

Na kai hannu. Na janye. Na tashi na haɗa shayin da ban sha ba.

Juma'a, 12 ga Satumba

Na bi ta layin shago da gangan, ko da yake ba hanyata ba ce. Mai aski ne a ciki yanzu. Ya shafe bango da shuɗin fenti, ya jera madubai inda kekunan ɗinki suke. Amma soket ɗin da Yaya ya kafa wa kwamfutar yana nan a karkacensa, an jona masa injin aski. Na tsaya kallo har mai askin ya leƙo ya ce, "Hajiya, yaro za a yi wa?" Na ce a'a, na yi gaba.

Talata, 16 ga Satumba

Ya shigo! Alamar da ke gefen sunansa ta yi kore, na gani da idona. Ya buɗe buƙatar, ya karanta, ya fita. Ko uffan. Yaya, kai dai Allah ya shirye ka.

Asabar, 20 ga Satumba

Na ciro kwamfutar Umma daga ƙarƙashin gado. Har yanzu tana lulluɓe da murfin da ta ɗinka mata da ragowar yadi, mai ɗan aljihu a gefe na linzami. Da na kunna ta sai da ta yi gurnani ta yi tari kafin ta farka. Akwai guntun jan zare a maƙale tsakanin maɓallai. Ban cire ba.

Na buɗe na huɗu, ya zauna daram. Na buɗe na biyar. Innalillahi. Rubutu ya hau kan hoto, maɓallan sama sun zubo ƙasa sun taru a lungu guda kamar an kifar da gwangwanin botira. Na san haka za a yi, ni da hannuna na goge fayil ɗin, amma sai da hawaye ya zubo min.

Na ɗauki hoton fuskar kwamfutar na tura wa Yaya. Na rubuta a ƙasa: "Ya karkace."

Lahadi, 21 ga Satumba

Ya sa hannu. "Na amince," abin da ya rubuta ke nan. Ina cikin murna sai ga wata sanarwa ta biyo baya: ya cire sunansa daga masu kula da Tubali.

Wato jira yake in ba shi hanya ya fice. Ni ina nan ina riƙe ƙofa da ƙafa ana zagina saboda shi. Na rubuta masa saƙo mai zafi, na goge. Na rubuta mai sanyi, na goge. Mijina ya kwashi yara suka fita yawo, Allah ya saka masa.

Ban saki ba.

Laraba, 24 ga Satumba

Waya ta yi ƙara ina tsakiyar shanya. Baƙuwar lamba, mai tsawo.

"Auta."

Ban san na zauna a kan bokiti ba. Muryarsa ta yi kauri, ana jin iska da ƙarar inji a bayansa. Na shirya masifa cike da baki, sai ya ce wai aljihun rigarsa ya yage, ruwan tokar nan da Umma ta ɗinka masa, ya samo allura amma duk ɗinkin da ya yi sai ya warware. Wai ta yaya Umma take ƙulla zare a ƙarshe?

Na ce, "Yanzu saboda aljihu ka kira ni?" Ya ce, "To da saboda me zan kira?" Sai na koya masa: ka mayar da allura baya sau biyu a rami ɗaya, ka zura ta cikin madaukin kafin ka ja. Ya soke yatsa, ya yi ashar, na yi dariya har maƙwabciya ta leƙo ta katanga.

Can ya ce duk lokacin da sanarwar Tubali ta shigo masa, shago yake gani, shi ya sa ba ya iya buɗewa. Hoton da na tura kuwa, ya ce ya daɗe yana kallonsa, ba shafin yake kallo ba, gefen murfin da ya fito a hoton. Ya tambayi yara. Ya ce abincin jirgi kamar hukunci ne. Ya ce zai kira ranar Lahadi in sun samu layi.

Ko waƙafi ɗaya ba mu ambata ba.

Lahadi, 28 ga Satumba

Na saki Tubali na biyar da hantsi. Na ba Agwagwa matsayin mai sa hannu na biyu a gurbin Yaya, ya turo min jerin hotunan agwagi suna rawa, sakarai. Ya tambaya me zai sa a gurbin layin nan na ƙa'idojinmu da ke cewa a gwada a kwamfutar Umma. Na ce ya bar wurin haka, zan duba daga baya.

Na mayar mata da murfinta. Ban tura ta ƙarƙashin gado ba, na ɗora ta a kan kanta kusa da taga, wai don kada sanyin ƙasa ya lalata ta.

Sai da na zo rubuta wannan na tuna yau ban leƙa ko sunansa ya yi kore ba. Wayar dai tana aljihuna tun safe, na ƙure mata ƙara. Bai kira ba tukuna, amma ai la'asar ba ta yi ba.