Rubutun da Na Bari a Ƙoƙon Kan Sa

Litinin, 8 ga Yuli, 1850

Mun iso mararraba da hantsi, ayarinmu na kekunan shanu. Madugu Burchard ya ce hanyar dama za mu bi, yanke ce, za ta rage mana kwana shida. Wai wani maharbi ya gaya masa akwai idon ruwa mil ashirin a gaba.

Ƙanwata Orpha da mijinta Asahel suna bayanmu da kwana huɗu, haihuwa ta tsayar da keken shanunsu a bakin kogi. Da za mu rabu ta ce, "Yaya, ka bar mana rubutu a mararraba. Inda ka ce, nan za mu bi." Na samu busasshen ƙoƙon kan wani mataccen sa, na rubuta da baƙin man ƙafar keke: "Orpha, ku bi dama. Ruwa a mil ashirin, kada ku wahalar da shanu da cika ganguna. Na je a doki na gani da idona. Lemuel."

Ban je ko'ina ba. Asahel ne ba ya ɗaukar maganata, kullum "Malam mai alli, me ka sani ban da koyar da yara?" Shi ya sa na ƙara gishiri. Rubutun dai ya yi kyau.

Talata, 9 ga Yuli

Idon ruwan ya ƙafe. Laka ce fara, mai ɗaci. Mu gangunanmu cike suke, don madugu ya tilasta mana. Matata Lavinia ta ce, "Me ka rubuta wa Orpha?" Na ce, "Su bi dama kawai." Tir da ni.

Laraba, 10 ga Yuli

Shanu bakwai sun faɗi. Ko wake ban ci ba.

Alhamis, 11 ga Yuli

Kogi, bayan mil arba'in da biyar. Mutane na kuka, suna faɗawa ruwa da kayan jikinsu. Ni ina zaune a gindin keke ina lissafi: gobe su Orpha za su karanta ƙashin nan, da jaririya 'yar kwana goma.

Na gaya wa Lavinia. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. "Lemuel, ƙanwarka fa? Don Asahel ya ga kai ma namiji ne?" Ta ja ni har gaban madugu, a gaban kowa na maimaita. Wani ya tofar da yawu. Madugu ya ce, "Ga alfadarina, ga salka huɗu. In ka kashe min shi, kai za ka ja keke." Ba wanda ya yi dariya. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Juma'a, 12 ga Yuli

Ina komawa baya ni kaɗai. Warin mushen shanunmu duk hanya.

Asabar, 13 ga Yuli

Na same su da la'asar, mil uku kafin busasshen idon. Ganga ɗaya suka cika, saura kaɗan a ƙasanta. Orpha ta leƙo daga rumfar keke, leɓenta duk ya tsage, amma sai murna. "Yaya! Na gaya wa Asahel ba za ka yi mana ƙarya ba. Saura mil nawa ruwan?"

Na ce, "Babu ruwa, Orpha. Ban je ba, ban gani ba. Ƙarya na rubuta."

Asahel bai zage ni ba. Ya sauke salkunan, ya juya shanu, ya ce kogin baya ya fi kusa. Sannan ya ce, "Kekuna goma sha ɗaya na wasu mutane suna tafe a bayanmu, kuma ƙashinka yana nan a tsaye."

Lahadi, 14 ga Yuli

Jaririyar da ta daina tsotso jiya ta kama nono. Na riga su isa mararraba, na fasa ƙashin da dutse, na tsaya a hanya. Kowane keke ya zo sai in faɗa musu gaskiyar da bakina, da sunana. Na uku ya fi na farko sauƙi, ban san dalili ba. Zan jira har na ƙarshe ya wuce.

Su Orpha sun iso da yamma. Ta miƙo min kofin ruwa ba ta dube ni ba, ta ce, "Ungo, Lemuel." Tun da aka haife ta ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Na amsa.